Bayan Tolkien, wace silsilar yaƙi da almara zan kama?

Ɗan_Shari'Mansur: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu karatu. Na gama Sayyidul Khawatim (The Lord of the Rings) na Tolkien, duka ukun, a tarjamar Larabci, kuma tun daga nan duk riwayar, wato littafin labari, da na ɗauka sai in ji ba ta kama ni ba. Abin da nake so shi ne duniyar da aka gina tun daga tushe, da taswirarta da sarakunanta da tsohuwar gabarta, labarin ya kai littafi uku ko fiye. Sharaɗina biyu ne. Ya zama marubucin ya kammala, kuma ya zama littafin da zan ajiye a falo ƙannena mata su ɗauka ba tare da na ji kunya ba. Larabci ya fi min sauƙi, Turanci ina karantawa a hankali, Hausa kuwa in akwai ita na fi so.

AbuSumayya_Riyad: Wa alaikumus salam. Sharaɗinka na farko ya riga ya fitar da mutum biyun da kowa zai fara kawo maka. George Martin ya fitar da littafin farko a 1996, na biyar a 2011, na shida har yau ana jira. Patrick Rothfuss ma haka, na farko 2007, na biyu 2011, na uku shiru. Martin ya faɗi a sharaɗi na biyu ma, domin akwai batsa a fili. An fassara shi da Larabci, amma ba na falo ba ne.

Ni Mistborn na Brandon Sanderson zan ce ka kama. Littafi uku ne, daga 2006 zuwa 2008, kuma labarin ya rufe tsaf. Ƙasa ce da toka ke zuba daga sama kullum, sarkinta ya yi shekara dubu a kan mulki har ana ganin ba ya mutuwa, talakawa kuwa bayi ne. Sai wasu ɓarayi suka haɗa kai za su tumɓuke shi, cikinsu har da wata marainiya mai suna Vin. Jimlolinsa gajeru ne, ba ya yawan ƙawa, don haka Turancin ba zai wahalar da kai ba. Kuma ikon da mutanen ke da shi yana da doka: mutum ya haɗiyi ƙarfe kaza ya sami iko kaza, ƙarfen ya ƙare ikon ya ƙare. Marubucin ba ya ceton jaruminsa a ƙarshe da wani abin da bai taɓa faɗa maka ba.

Zainabu_Jidda: Yaya AbuSumayya ya yi gaskiya. Sai dai kar ka bari wani ya ja ka zuwa Stormlight na shi Sanderson ɗin yanzu. Littafi 10 ya shirya yi, na biyar ya fito a Disamba 2024, kowanne ya haura shafi dubu. Ka ga ya saɓa wa sharaɗinka.

Malam_Jarwal: Ɗana, kafin a yi nisa ina da magana. Duk waɗannan littattafai a kan sihiri aka gina su, wasu ma har da alloli iri-iri da ake roƙo. Sihiri yana cikin abubuwa bakwai masu halakarwa da hadisi ya lissafa, kuma kai mazaunin Makka ne. Ka ce ƙannenka za su ɗauka. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ta shafe wata tana bin labarin da matsafi ne jaruminsa, ita ce ke yi masa fatan nasara a zuci, kana ganin hakan ba ya barin komai a ranta? Ba ina hana ka karatu ba ne, ina so a sa wannan a cikin lissafi.

Ɗalibin_Madina: Allah ya saka da alheri Malam, tambayar a wurinta take. Ni abin da nake bambantawa shi ne wannan. Ƙirƙirarren labari ba baƙo ba ne a wurin malamanmu, ga Kalila wa Dimna inda dila da zaki ke magana, ga Maƙamatul Hariri da ake karantarwa a zauruka a Kano da Zariya, kowa ya san Abu Zaid as-Saruji ba mutumin gaske ba ne. Haɗiyar ƙarfe don a yi tsalle kan rufin gida ba abu ne da wani zai kwaikwaya ba, ƙarya ce da ba ta ɓoye kanta ba. Wanda ni nake jin tsoronsa shi ne littafin da aka kafa a duniyarmu, da aljanun da muka yi imani akwai su, ana nuna yadda ake kiransu da yadda ake ƙulla alkawari da su. Wannan ya fi kusa da ƙofar da Malam ke magana a kai.

Ummu_Hanan: To ai ka kawo mu kan Usama al-Muslim ke nan. Duk wanda ya je ma'arad, wato baje kolin littattafai, na Riyad ko na Jidda ya ga layin 'yan mata a wurin sa hannunsa. Mutumin Ahsa ne. Riwayarsa Khauf ce ta fito da shi, kuma ita ce irin wadda Ɗalibin_Madina ya siffanta, na karɓe ta daga hannun 'yata na ce sai ta ƙara girma. Amma Basatinu Arabistan daban ce, can kafin Musulunci aka kai labarin, gaba ce tsakanin matsafan Larabawa da na Farisa, ana gadon ramuwa daga uba zuwa 'ya. Larabcinsa mai sauƙi ne ƙwarai, hira ta fi bayani yawa. Wanda ya fito daga Tolkien zai ga ginin duniyar bai kai can ba, sai dai labarin yana gudu.

Zainabu_Jidda: Anti, ni jinin da ke cikin Arabistan ya fi damuna a kan tsafin. Ga ƙannensa na fi ganin Mamlakatul Balaga ta Hanan Lashin, 'yar Masar. Na farkon shi ne Ikaduli. Da niyyar tarbiyya ta rubuta su, babu abin kunya ko ɗaya.

Malam_Jarwal: Na ji bambancin da Ɗalibin_Madina ya kawo, kuma yana da ƙarfi. Amma batun alloli bai amsa ba. Zan bar shi a nan, kowa ya san gidansa.

Baba_Tela: Ku yara kuna ta kiran sunayen Turawa da Misirawa, yaron nan ya ce in akwai Hausa ita ya fi so, ba wanda ya tanka masa. Akwai mana. A gasar da aka shirya a Zariya a 1933 aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Ruwan Bagaja tafiya ce ta neman ruwan da ke warkarwa, Alhaji Imam ya keta ƙasashe har ya shiga ƙasar aljanu, Malam Zurƙe na biye da shi suna ramuwar gayya da juna. Ganɗoki kuwa jarumi ne da ya yaƙi Turawa lokacin da suka shigo, da aka ci ƙasa ya ƙi zama a ƙarƙashinsu ya yi gabas, rabin littafin na biyu yana can yana gwabzawa a tsakanin aljanu da arna. Kirarinsa kaɗai ya isa ka nemi littafin. Sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, yaron da aka haifa gurgu ya warke ya zama barden Sarki Waldima. Muna yara da fitilar kwai muke karanta su, babba ya karanta ƙanana su saurara.

Ɗalibin_Madina: Baba, ƙarin bayani kan Iliya: asalinsa jarumin tatsuniyar Rasha ne, Ilya Muromets. Waldima shi ne Vladimir, birnin Kib kuma Kiev. Ingawa ya ɗauko shi ya sa masa rigar Hausa har mutane da yawa ba su san baƙo ba ne.

Bashir_Dammam: Da girmamawa Baba, waɗannan ba su ne abin da Ɗan_Shari'Mansur ya tambaya ba. Ganɗoki ƙaramin littafi ne, zama ɗaya ka gama. Babu taswira, babu tarihin ƙasar da ya je, sarakunan aljanun suna fitowa ne don a sare su a wuce. Tolkien malamin harsuna ne a Oxford, ya fara ƙirƙiro harsunan mutanensa tun kafin ya rubuta labarin, ya shafe shekaru yana tsara zamunansu, har bayan rasuwarsa ɗansa ya fitar da Silmarillion a 1977 daga takardun da ya bari. Shi ya sa in wani a cikin littafin ya ambaci tsohon yaƙi kake jin da gaske an yi shi. Wannan zurfin ne mai tambaya ke nema, kuma gaskiya ba mu da shi a rubutaccen adabin Hausa tukuna.

Sadiya_Hindawiyya: Littattafan yaƙin Kano fa? Abdul'aziz Sani Madakin Gini da ire-irensa sun cika kasuwa da silsila, kashi na ɗaya, na biyu, har na huɗu da fiye. Sadaukai, bokaye, birane, takubban tsafi, duk suna nan. Yayyena a kansu suka koyi karatun boko na Hausa a nan Makka, alhazai ke kawo mana. Yanzu ma ana karanta su da murya a YouTube.

Bashir_Dammam: Na karanta su da yawa kuma ina jin daɗinsu. Matsalata da su ita ce sadaukin ba ya faɗuwa. Tun shafi na biyu ka san zai tarwatsa runduna shi kaɗai. Frodo kuwa, jarumin Tolkien, a bakin dutsen ya kasa jefa zoben, ya ce nasa ne. Wannan wurin ne ya sa littafin ya zauna a ran mutane.

Sadiya_Hindawiyya: Marubucin da ke buga littafi da kuɗin aljihunsa, yana jiran na ɗaya ya sayu kafin ya sami kuɗin takardar na biyu, ba za ka auna shi da farfesan da ke da albashi ba. A ba su abin da aka ba wancan a gani.

Ɗan_Gadarif: Salamu alaikum daga Sudan, intanet ɗinmu tana zuwa tana ɗaukewa, sai yanzu na ga zancen. Baba_Tela, Ganɗoki a wurinmu ba almara ba ce zalla. Hijirar da ya bi ita ce ta kawo kakanninmu nan. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin har yau sunansa Mai Wurno. In tsofaffinmu suna ba da labarin hanyar, da yunwa da ƙishirwa da waɗanda aka binne a daji, za ka ga duk abin da ake nema a silsila yana ciki. Ba a dai sami wanda ya zauna ya rubuta shi haka ba.

Ga mai tambaya kuma, tunda Larabci ya fi maka sauƙi, me ya sa ba wanda ya ambaci sirori, wato tsofaffin dogayen labaran jarumai na Larabawa? Siratu Saif bin Zi Yazan ita ce ta fi kusa da abin da kake so. Sarkin Yaman ne da uwarsa ta jefar da shi a daji yana jariri, aljana ta shayar da shi, ya tashi da 'yar'uwar shayarwa aljana mai suna Aƙisa wadda ke ɗaukarsa ta kai shi ƙasashe. Aka sa masa sadakin da ake ganin ba zai dawo da rai ba, ya je ya ɗauko Littafin Nilu. Mujalladai ne, kuma an kammala ta tun ɗaruruwan shekaru. Akwai Siratu Bani Hilal da Abu Zaid al-Hilali, wanda a Sudan ko yaro ya san sunansa. Akwai Antara. Akwai Zatul Himma, mace ce jarumar, tana jagorantar yaƙi da Rumawa, kuma tana cikin mafiya tsawo a dukkan sirorin.

Ummu_Hanan: Allah ya kawo muku zaman lafiya ɗan'uwa. Abu ɗaya zan ƙara kan Saif: abokan gabarsa Habashawa ne, kuma yadda ake siffanta baƙar fata a wurare da yawa ba daɗi. Yaranmu da ke tashi a nan suna jin irin wannan a makaranta da titi, ba na so su same shi a littafin da yayansu ya ajiye musu ba tare da an yi musu bayani ba. Antara da Abu Zaid su kansu baƙaƙe ne, da su zan fara.

Saboda wannan dalilin ne ma nake son Earthsea ta Ursula Le Guin. Na farkon ya fito a 1968. Duniya ce ta tsibirai, yawancin mutanenta masu duhun fata ne, har da jarumin, Ged, yaro makiyayin awaki. Ya je makarantar koyon ilimin sunaye, girman kai ya sa ya yi abin da aka hana shi don ya burge abokin hamayyarsa, ya saki wata inuwa da ta dinga farautarsa. Sauran littafin duk ɗaukar alhakin abin da ya jawo ne. Littattafan sirara ne, babu batsa a ukun farko, kuma ko Malam_Jarwal ina jin zai yarda da darasin, ko da bai yarda da rigar da aka sa masa ba.

Direban_Tirela: Ni ba na samun zama da littafi, a kunne nake saurara tsakanin Riyad da Dammam. Wanda ya cika sharaɗin tsawo da kammalawa shi ne Wheel of Time na Robert Jordan. Littafi 14. Ya fara a 1990, ya rasu a 2007 bai gama ba, ya bar bayanai, Sanderson ɗin da kuke magana ya rubuta ukun ƙarshe, aka rufe a 2013. Ƙasashe da yawa, kowace da tufafinta da karin maganarta. Akwai mutanen hamada da ake kira Aiel, ruwa da inuwa ne gaisuwarsu, suna rufe fuska in za su yi kisa, duk wanda ya san Buzaye zai ji kamar ya san su. Amma in gaya maka gaskiya biyu. Daga na takwas zuwa na goma labarin yana jan ƙafa sosai, mutane da yawa a nan suke ajiyewa. Na biyu, an gina shi a kan cewa rayuka suna mutuwa suna dawowa a wani zamani, wannan kuwa ya saɓa wa aƙidarmu kai tsaye. Babba zai karanta ya san labari ne, yaro sai an zauna da shi.

AbuSumayya_Riyad: Littafi 14 da Turanci ga wanda ya ce a hankali yake karantawa? Direba, ka bari ya gama uku tukuna.

Zainabu_Jidda: Ba wanda ya kawo S. A. Chakraborty. The City of Brass 2017, na uku ya fito 2020, an gama. Daga Alƙahira aka fara, wata yarinya mai damfarar mutane da sunan magani ta kira aljani ba da saninta ba, ya kai ta birnin aljanu inda ƙabilu ke rikici tun zamanin da Annabi Sulaimanu ya hore su. Marubuciyar Musulma ce, akwai yarima Ali da ke tashi sallar asuba yana damuwa da zaluncin gidan ubansa. Karo na farko ke nan da na ga mai addini a irin wannan littafi ba a mai da shi mugu ko wawa ba.

Ɗalibin_Madina: Na karanta, rubutun yana da kyau. Amma shigar da sunan Annabi cikin ƙirƙirarren labari, a jingina masa abin da bai tabbata ba, shi ne ya tsaya min. Ga ni ya fi na Tolkien buƙatar taka-tsantsan, saboda yaro zai iya haɗa shi da abin da ya karanta a tafsiri.

Bashir_Dammam: 'Yan Afirka ma suna rubutawa yanzu. Tomi Adeyemi, iyayenta Yarbawa, Children of Blood and Bone 2018, a kan gumakan Yarbawa ta gina shi, ka san da wannan kafin ka saya. Evan Winter yana da The Rage of Dragons, yaƙi ne tun daga farko har ƙarshe, amma silsilar ba ta kammala ba. Nnedi Okorafor kuma tana da Who Fears Death, 2010, a Sudan ta nan gaba aka kafa shi, ya ci kyautar World Fantasy a 2011.

Ɗan_Gadarif: Wannan na ƙarshen daga abin da ya faru da matan Darfur ta ɗauko shi, ita da kanta ta faɗa. Littafi ne mai nauyi, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 abin da ke cikinsa shi ne muke ji daga bakin waɗanda suka gudo mana daga Khartum da Madani. Ba na ce kar a karanta ba, amma ba na hutu ba ne, kuma ba na ƙannenka ba ne ko kaɗan.

Ɗan_Shari'Mansur: Jazakumullahu khairan, ban zaci zancen zai kai haka ba. Ɗan_Gadarif, Allah ya yaye muku. Zan fara da Mistborn, in nemi Saif bin Zi Yazan in haɗa, Earthsea da Ikaduli kuma na ƙannena bayan na duba su da kaina kamar yadda Malam ya ja hankali. Baba_Tela, a ina zan sami Ganɗoki a nan?

Baba_Tela: A nan ba za ka samu a kanti ba. Kamfanin ɗab'i na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) na Zariya ne ke buga su, a Kano kuma ana samu wurin masu littattafai na kasuwar Kurmi da Sabon Gari. Ka sa wani mai zuwa Umara ya riƙo maka, ka ce ya haɗa da Magana Jari Ce duka ukun, ba su da nauyi a jaka.

Sadiya_Hindawiyya: Na Turancin kuma ka duba kantin littattafai na Jarir, in babu a reshen ku ka yi oda ta intanet. Na Larabci ka jira ma'arad ɗin Jidda, masu buga littattafai na Masar da Labanan suna zuwa da kansu. Ka nemi Ardu Zikola ta Amru Abdulhamid a can, ƙasar da ba a ciniki da kuɗi sai da basira, ka sayi abu kaifin ƙwaƙwalwarka ya ragu, wanda ya fi kowa talauci kuma a yanka shi ranar bikin shekara. Bashir, wannan jarumin yana faɗuwa sosai.

Hafsatu_Ta'if: Na makara, amma ba zan bari a rufe ba a ambaci Robin Hobb ba. Farseer littafi uku ne, 1995 zuwa 1997. Fitz ɗan yarima ne da aka haifa ba ta hanyar aure ba, aka ajiye shi wurin mai kula da dawaki, daga baya sarki ya sa aka koya masa kisan ɓoye don amfanin gidan sarauta. Yaƙin bai kai na Jordan yawa ba, mutanen ne ke riƙe ka, kuma za ka yi kuka. In ya yi maka, duniyar ta ci gaba har littafi 16, an rufe a 2017. Akwai 'yan wuraren da ba na ƙananan yara ba, don haka wannan a ɗakinka za ka ajiye. Direba, kai da ka iya dogon zango, ka taɓa gwada Malazan na Steven Erikson? Littafi 10 ne kuma an gama, amma ina so in ji daga wanda ya wuce na farko kafin in sa kuɗina.